Baƙuwar Akuyar Da Na Kawo Gidanmu

 Da aka ce mani ni ke da rubutun wannan mako, niyyata in kawo wani gajeren labari da na daɗe ina gyarawa. Sai ga shi a 'yan kwanakin nan mutum uku sun yi mani magana ta akwatin saƙo, kowa da tambaya iri ɗaya: yana son ya fara kiwon awaki, ta ina zai faro? Wai sun ji an ce ina kiwo. Ina yi kam. Abin da ba su ji ba shi ne, a cikin sa'o'ina na Bauranya babu wanda ya kai ni kashe awaki. Don haka na ajiye wancan labarin na ƙirƙira, na ce bari in ba ku wanda na gani da idona, na kuma biya kuɗinsa da aljihuna, har da aljihun waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Na gama difiloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, na dawo gida da takarda a jaka. Aiki bai samu ba. Wani ɗan uwa ya ba ni riƙon shagon POS a Kankiya, in tafi da safe in dawo da yamma. A shagon nan ne wata rana kasuwa ta yi sanyi na ɗauko littafi na ja layi. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, kwana 150 ko kusa da haka. Jar akuya irin tamu takan haifi biyu. In ta samu kulawa tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Na saka uku, na ninka, na sake ninkawa, kafin in kai ƙasan shafi na ga kaina da garke guda da sabon babur. Na karanta lissafi a makaranta, amma duk shafin nan ban ware wa mutuwa ko layi ɗaya ba.

A gidanmu akwai awaki tun kafin a haife ni. Na Inna ne, manya bakwai a lokacin, ban da ƙanana. Wanda ya tashi a karkara ya san matsayin akuya a wurin mace. In ciwo ya faɗo cikin dare, ita ake kamawa da safe. Ni kaina kuɗin rajistata ta shekara ta biyu taure biyu aka kai kasuwa. Waɗannan bakwai ɗin kuwa an riga an yi masu aiki: kayan ɗakin ƙanwata ne, wadda aka sa ranar aurenta bayan ƙaramar Sallah. Ta koyi ɗinki, Inna kuma ta yi mata alkawarin za ta shiga ɗakinta da kekenta.

Kun tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi. Tsabar naira ta yi ɓatan dabo, mutanen ƙauye ba su yarda da tiransifa ba, mai dabba ya kai ta kasuwa ya wuni ba mai tayawa. Wanda ke riƙe da sabon kuɗi a hannu a lokacin shi ne sarkin kara. Ni kuwa sana'ata ta sa ina da 'yan kaɗan. Na shiga wata kasuwar mako da ke kusa da mu, na sayi awaki biyu a farashi mai daɗi, sannan dillali ya ja hannuna gefe ya nuna mani ta uku. Ja ce sosai, mai sheƙi, doguwa, ga ƙirar haihuwa. Kuɗin da ya faɗa sai da na ce ya maimaita. Na lura hancinta da ɗan danshi, ta kuma yi atishawa sau biyu muna tsaye. Ya ce ƙurar hanya ce da sanyin hunturu. Ban buɗe bakinta ba, ban ɗaga wutsiyarta ba, ban duba idonta ba, ban tambayi daga wane gari aka kawo ta ba. Tsorona ɗaya kar wani ya riga ni. Na biya har da la'ada ina murmushi.

Da magariba na shigo da su gida. Kakata tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan jar nan.

"Angona, waccan ɗaure ta bayan gida. Baƙuwa ba ta cin tuwo kwano ɗaya da 'yan gida ranar da ta zo."

"Haba tsohuwa, kishi kike yi na yi sabuwar amarya?"

"Ni dai na faɗa maka. Ka ga kunnenta ya faɗi."

Aka yi dariya. Na ɗaure ta a turken da ke tsakiyar na Inna, na zuba masu ruwa a baho ɗaya.

Kwana biyu jar ta daina cin abinci. Ta tsaya a lungu ta sunkuyar da kai, gashinta ya tashi, jikinta zafi rau. Majinar da ta fara kamar ruwa ta yi kauri ta toshe hanci, kwantsa ta manne idanu. A kwana na huɗu zawo ya ɓalle, mai wari, ya ɓata mata ƙafafun baya. Na yi abin da yawancinmu ke yi: na je kemis na sayo kafso na mutane, na farke na zuba a ruwa na ɗura mata. Wani ya ce in ƙara da jiƙon ɓawon maɗaci, na ƙara. Ranar da ta mutu, biyu daga cikin na Inna sun fara atishawa.

Sai a lokacin na nemo malamin dabbobi. Ya zo a kan babur da 'yar jakarsa, ya kama ɗaya ya buɗe bakinta ya nuna mani. Dasashi da cikin leɓe duk sun yi ƙuraje sun saluɓe, ga wari. Ya ce, "Ka ga dalilin da ya sa ba ta ci. Wa ya kawo sabuwar akuya gidan nan?" Tsakar gida ta yi tsit. Na ce ni ne, Malam.

Ya ce sunan cutar a wurinsu PPR. Ƙwayarta bairas ce, dangi ɗaya da mai kawo ƙyanda ga yara, da kuma bushiya da ta riƙa share garken shanu a zamanin kakanninmu. Ba ta kama mutum, awaki da tumaki take yi wa ɓarna, ta fi kuma tsananta wa awaki. Tana bin numfashi, da majina, da kashi, da bahon ruwan da aka haɗa baki. Dabba takan ɗauke ta ta yi kwana huɗu zuwa shida ba a ga komai ba, shi ya sa kasuwa ta zama babbar hanyarta: mai garke ya ga an fara atishawa, ya kwashe ya kai kara kafin asiri ya tonu. Ya ce babu allurar da ke kashe ta in ta riga ta shiga. Wadda zai yi masu ta hana ciwon huhu ne ya hau kai, sauran aikin namu ne: a raba masu ciwo da masu lafiya, a riƙa goge masu hanci da ido da ruwan ɗumi, a ba su ruwan gishiri da sukari saboda zawo, a nemo masu ganye mai laushi. Wadda ta mutu a haƙa rami a binne, kar a jefar bayan gari karnuka su ja. Wadda aka yi wa allura kuma kar a yi saurin yankawa a ci, sai maganin ya fita daga jikinta.

Mun yi duk abin da ya ce. Cikin mako biyu Inna ta rasa manya huɗu da ƙanana duka, ɗaya ma sai da ta yi ɓari kafin ta tafi. Ni na rasa biyu cikin ukuna. Kullum da asuba in ɗauki fartanya in nufi bayan gida.

Da a gidanmu abin ya tsaya da sauƙi. Rani ne, an kawar da amfanin gona, awakin unguwa duk a sake suke, tare suke kiwo tare suke shan ruwa a bakin rijiya. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Goggo muke ce mata, mijinta ya rasu, awaki biyu gare ta a duniya. Mai cikin ce ta mutu. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ita ta fara shigowa yi wa Inna jaje. Na bi ta har zaure na durƙusa na ce, "Goggo, ni na jawo maku wannan." Ta ce, "Tashi ɗan nan, kwanansu ne ya ƙare." Inna ma ba ta taɓa ɗaga mani murya ba. Abin da ta ce kawai, Allah ya mayar da alheri. Da ta zage ni da na fi samun barci.

An yi bikin a ranar da aka sa. Baffa ya fitar da buhunan gero daga rumbu aka sayar, aka ciwo bashin sauran. Ƙanwata ta tare babu keken ɗinki.

Daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. An fara gano cutar nan a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. 'Yar uwarta bushiya an yi nasarar kawar da ita daga duniya, aka sanar a 2011, ita ma PPR hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayanta. Allurar rigakafinta a nan ƙasar ake yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Sau ɗaya ake yi, ta kare akuya shekara uku ko fiye. Ana yi wa ɗan akuya in ya kai wata uku zuwa huɗu. Sai dai tana da sharaɗi. Kwalba ɗaya ta awaki masu yawa ce, tana son sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa ƙofar gidanka, in an haɗa ta kuma ba ta jira, cikin ɗan lokaci take lalacewa. Mai akuya uku ba zai iya kiran malami shi kaɗai ba. Shi ya sa yanzu nake bi gida-gida a unguwarmu in rubuta yawan awakin kowa, mu sa rana, a tara su a inuwa ɗaya da sassafe. Da farko wasu sun ƙi, wai allura na sa ɓari. Matan da suka binne nasu a waccan shekara su suka fara kawowa.

Kuskurena na biyu tausayi ne ya jawo shi. Akuyata guda da ta tsira ta fito daga ciwon kamar an zana ta, ana ƙirga haƙarƙarinta. Na ce bari in yi mata gata. Na auno dawa kwano guda na jiƙa, na haɗa da ragowar tuwo da ƙanzo, na ajiye mata ita kaɗai. Ta cinye tas, ni kuma ina tsaye ina jin daɗi. Washegari da safe na tarar da cikinta ya kumbura ta ɓangaren hagu, in ka buga yana ƙara kamar ganga, tana cizon haƙora, ta daina tuƙa. Wannan karon ban yi gardama ba, da gudu na je ɗakin tsohuwa.

Ta sa na jiƙa kanwa, ta sa na kawo man gyaɗa a ludayi. Ta ce in tsayar da ita ƙafafun gaba a kan tudu, in ɗura mata kaɗan-kaɗan ta gefen baki, kar in ja harshe kar kuma in ɗaga kan sama sosai, don in ya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu an gama. Tana murza mata ciki tana yi mani faɗa, wai ni da na je makarantar gaba da sakandare ban san akuya ba mutum ba ce. Can sai ga gyatsa. Aka hana ta komai sai busasshiyar harawa da ruwa har kwana uku. Ta tashi.

Da na ba malamin dabbobi labari ya ce na yi sa'a, da yawa ba su tashi. Ya yi mani bayanin da har yau da shi nake auna duk abin da zan zuba a komi. Cikin akuya ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbi, a cikinsa kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa. In ka ciyar da akuya su ka ciyar. Sun saba da abin da suka saba. Ka antaya masu hatsi da yawa rana ɗaya sai tumbin ya yi tsami, masu aikin su mutu, gubar ta shiga jini. Kanwar tsohuwa tsamin take kashewa, man kuma yana fasa kumfa iska ta samu hanya. Duk sabon abinci, ko dusa ce ko tunkuza ko angurya, da ɗan tafin hannu ake farawa, a riƙa ƙarawa cikin mako guda ko biyu. Kuma kullum harawa ko ciyawa ce uwar abinci, dusa mahaɗi ce.

A nan zan ɗan daɗe, don a ganina wanda bai fahimci shekarar akuya a ƙasarmu ba bai fara kiwo ba. Abincin rani da kaka ake tanadinsa. Lokacin da ake roron wake ana cirar gyaɗa, harawa tana arha har a ba ka kyauta in ka taya aiki. Ka shanya ta ta bushe ba tare da ganyen ya kakkaɓe ba, ka ɗaure, ka ɗora a kan rufi ko a reshen itace inda ƙasa da gara ba su kai ba. Ka tara kowar wake a buhu. Wanda ya yi sakaci a watan Oktoba da Nuwamba zai sayi damin nan da tsada a Afrilu, in ma ya samu. Ni shekarar farko ban tara ko dami ɗaya ba, albashin shago a harawa ya ƙare.

Sai gawo. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa lokacin yake zubar da nasa, sai rani ya yi kore ya zubo da 'ya'ya daidai lokacin da dabba ta fi buƙata. Yara na tsintowa a sayar a kwano. In ka ga akuya tana sheƙi a tsakiyar rani, bincika, akwai gawo a kusa. Ga ganyen magarya, da aduwa, da sabara, da kalgo, da yaɗiya. Akuya ba tunkiya ba ce da za ta dasa kai ƙasa ta yi ta ci. Ita mai ɗaga kai ce, ta tsinki nan ta tsinki can. Tana kuma da ƙyanƙyami fiye da yadda ake zato. Abin da ta taka ko ta yi wa fitsari ba ta ƙara kallonsa. Da na daina zuba harawa a ƙasa na koma rataye ta da igiya daidai tsayin kanta, abin da nake asara ya ragu sosai. Ruwa ma haka, in ya kwana ya yi datti sai ta shinshina ta wuce, kai kana cewa ba ta jin ƙishi. Ƙasari yana da kyau in na ranar ne, wanda ya kwana ya yi tsami a zubar. A ajiye masu ɗan gishiri ko kanwa su riƙa lasa.

Bazara ita ce lokacin tsoro. Kiwo ya ƙare, ruwa bai sauka ba, yunwa ta sa akuya cin duk abin da ta samu a bola, musamman ledar da aka ɗaura abinci a ciki. Wani mahauci ya taɓa kirana ya nuna mani abin da ya ciro daga tumbin wata akuya: dunƙulen leda da igiyar buhu da tsumma, sun murɗe sun yi tauri kamar ƙwallo. Mai ita ya yi wata uku yana sayen maganin tsutsa, tana ci tana ramewa. Babu maganin da ke narkar da leda. Tun ranar na zama mai tsince-tsince a tsakar gidanmu, har ƙannena na yi mani waƙa.

Da ruwa ya sauka sai a ɗaure dabbobi saboda shuka, aikin yankan ciyawa ya tashi. Sabuwar ciyawar farkon damina ruwa ce zalla, in aka cika masu ita sai zawo. A bar ta ta sha iska ta yi yaushi, a haɗa da busasshe. A kuma san inda ake yankowa. Yanzu kusan kowace gona ana feshin maganin ciyawa, yaro ba ya tambaya, in ya ga kore sai ya sa lauje. Buhun takin zamani a ɗaga shi sama, akuya na lasarsa kamar gishiri, yana kuma kisa nan take. Haka gyauron dawa, wanda ke sake tohowa bayan an yi girbi, yana da guba a lokacin da yake ɗanye ƙarami. Wannan tsofaffi sun san shi tun kafin a rubuta a littafi.

Damina kuma ita ce kasuwar tsutsar ciki. Akwai wata siririya da ke maƙalewa a ciki tana shan jini, ba a ganinta a kashi. Alamarta akuya ta yi sanyi, gashi ya dushe, wani lokaci ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an zuba ruwa. Malamin ya koya mani in ja fatar idon ƙasa in duba. In ja ce, lafiya. In ta koma fari-fari, jini ya yi ƙasa, a nemi magani yau. Ashe hanya ce da masana a Afirka ta Kudu suka tsara, har da ɗan kati mai launi biyar da ake gwadawa da shi. Ni ba ni da katin, ido na saba. Duk ranar Juma'a da safe sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Game da maganin tsutsa, abu biyu na riƙe. A ba da cikakken awo daidai nauyin dabba, don rabin awo tsutsar yake koya wa jure magani. Sannan a faɗa wa malami in akuya ta ɗauki sabon ciki, saboda akwai farin maganin nan albendazol da ba a so a ba ta a farkon ciki. Wurin kwanansu kuma ya zama a bushe. Akuya ta tsani ruwan sama da laka, in ta daɗe a danshi kofato ke ruɓewa, ƙuma da ƙwarƙwata su samu gida. Na yi masu rumfa da ɗan dakali, ina share kashin kullum in tara, Baffa na kai shi gona.

Wata tambaya da aka yi mani ita ce wane iri za a saya. Na ga ana ta tallan manyan awakin waje a intanet, masu kunne har ƙasa. Ban hana kowa ba, amma mai farawa ya riƙe jar akuyarmu. Ta san zafinmu, ta san yunwarmu. Ba kuma ƙaramar dabba ba ce: fatarta ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun mutanen Maroko suka laƙaba mata sunan ƙasar. A Maraɗi akwai cibiya sukutum da aka kafa tun shekarun 1960 don inganta irinta, a Shika kusa da Zariya ma masu binciken kiwo suna aiki a kanta. In za ka saya, buɗe baki. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. In biyu na tsakiya sun fi sauran girma, ta shekara ɗaya da wani abu. In duka takwas manya ne ta kai huɗu, in sun fara zubewa ka bar wa mai ita kayansa. Duba hanci, duba ido, ɗaga wutsiya, shafa hantsa ka ji ko akwai ƙullutu. In da hali ka sayi ta gidan da ka sani, ko da ta fi ta kasuwa tsada. Ko daga ina ta fito kuma, ta yi mako uku ita kaɗai da bahonta daban kafin ta haɗu da 'yan gida.

Akuyata ta murmure da damina, ta bi bunsuru, ta haihu cikin sanyi. Na kwana a rumfar da fitila. Biyu ta haifa, mace da namiji. Muna yara in akuya ta haihu murna muke, za a dafa mana dakashi. Wannan karon na tsaya a kai na ce ba mai tatsa. Nonon farkon nan shi ne rigakafin ɗan akuya, in bai sha shi a sa'o'in farko ba da wuya ya yi ƙwari. Na goge masu hanci, na tsoma cibiya a aidin, na tabbatar kowanne ya kama nono. A makonnin ƙarshe na cikin da kuma lokacin shayarwa ne na ƙara mata dusa da 'ya'yan gawo, a hankali wannan karon. Tsohuwa ta leƙo da asuba ta ce, "Angona ya zama ungozoma."

Namijin na yi kiwonsa na sayar a Caranci gab da babbar Sallah, na haɗa da abin da nake tarawa daga shago na saya wa ƙanwata keken ɗinki na hannu. Ba sabo ba ne, amma yana ɗinki. Na Inna har yanzu ina biya, ta ce ta yafe, ni ban yafe wa kaina ba tukuna.

Macen kuwa tun ranar da aka haife ta na san ta wace ce. Da ta isa aka yi mata allura tare da na unguwa, na bari aka yaye ta ta yi ƙwari, sannan wata yamma na sa mata igiya na ja ta zuwa gidan Goggo. Ta ce ba za ta karɓa ba. Na ce ai ba biya ba ne, kiwo na kawo mata. Ta ce ita ba ta bi na bashi ba. Muka yi ta ja, har sai da Inna ta leƙo ta katanga ta sa baki. Goggo ta karɓi igiyar ta yi ta sa albarka. Sai ta durƙusa ta buɗe bakin 'yar burgumar, ta duba hanci, ta ɗaga wutsiya.

"An yi mata allurar?"

"An yi mata, Goggo."

Ta gyaɗa kai. Ta wuce turken akuyarta guda da ta rage, ta ja ta can ƙarshen gida gindin darbejiya ta ɗaure, ta ɗauko wani tsohon kwano daban ta zuba mata ruwa. Ta ce nan za ta zauna sai ta cika sati uku.